Kada ku shafe cikin B-17 da kore gaba ɗaya

Salamu alaikum 'yan uwa masu haɗa ƙananan jiragen roba. Shawara ce ga mai shirin fentin cikin B-17G, jirgin saman Amurka mai jefa bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu.

Da yawa suna shafe shi da koren nan Interior Green daga hanci har wutsiya, don haka suka gani a gidajen tarihi. To, waɗancan jiragen an sake musu fenti bayan yaƙi. Hotunan 1944 za ku duba. A yawancinsu tsakiyar jirgin, inda masu bindigogin gefe ke tsayawa, ba fenti ko kaɗan, alminiyon ne tsirara, haƙarƙarinsa a fili. Wurin matuƙa ne ke da kore, shi ma mai duhu sosai, irin Dull Dark Green. Tankunan iskar shaƙa rawaya ne, daɓen wasu sassan kuma katako, kuma waɗannan ake fara hangowa ta taga ko a sikelin 1/72, wato kashi ɗaya cikin 72 na tsawon jirgin gaske.

Kamfanoni uku suka ƙera shi, Boeing da Douglas da Vega, aikinsu kuwa bai zo ɗaya ba. Don haka ku bi lambar ainihin jirgin da kuka zaɓa, ku gano kamfanin da ya ƙera shi, kafin ku buɗe gwangwani.