Ku gina labarin kurket a kan jifa shida na ƙarshe

'Yan uwa masu rubuta wa yara labari, ga dabarar da ta rage mini wahala.

Kada ku fara da bayanin dokokin kurket, wato wasan da wani ke jefo ƙwallo wani ya buge ta da sanda. Ku buɗe labarin ana saura jifa shida a tashi, ƙungiyar yaron labarinku na neman maki 9 ta ci wasa.

A kurket, mai jifa yana jefa ƙwallo shida a jere kafin wani ya karɓe shi. To, kowace ƙwallo ta zama shafi guda. Tsari ya samu ke nan, babu ɓata takarda.

Yara suna son ƙirge. In aka bugi ƙwallo ta gangara ta taɓa iyakar fili, maki 4. In ta tsallake ta sama, 6. Da kansu za su riƙa lissafin abin da ya rage, dokokin na shiga kansu ba su ankara ba. Ni nakan zaunar da ƙanwar yaron a gefen fili tana tambaya, “Yaya, me ya sa aka fitar da mai bugu?” Amsar layi ɗaya ta isa.

Amma dabarar ba ta ci ga yaron da bai iya ɗebewa ba tukuna. Haka in labarin na abota ne tsawon zangon karatu, jifa shida sun yi masa kaɗan, sai ku ajiye su a babin ƙarshe.