Darasi na 9: Ya daina sha, sai kuma me?

To 'yan aji, yau maganar wanda ya ce ya bar ƙwaya za mu yi.

Da yawanmu muna ɗauka da zarar yaro ya rantse ya daina tiramol ko kodin shi ke nan ya warke. Ina! A nan ma aikin ya fara. Kwana 2 zuwa 3 na farko su ne masu wuya, za ka gan shi yana ta hamma, ga majina da hawaye kamar mai mura, ga zufa da ciwon gaɓoɓi da zawo, barci kuma ya ƙi zuwa. Ba raki ba ne, jikin ne ke neman abin da ya saba. Yawanci cikin mako guda ko sama da haka kaɗan abin yakan lafa. A riƙa ba shi ruwa sosai da kunu.

Amma fa wanda ya daɗe yana shan giya kullum, ko ƙwayar barci irin su diyazafam, kar ya yanke lokaci guda a gida, yana iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya har a rasa rai. Wannan sai asibiti: akwai na Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato.

Bayan jiki ya lafa saura kwaɗayin, shi kam yakan ɗau watanni. Tun 2018 gwamnatin Najeriya ta hana maganin tari mai kodin amma har yau ana samunsa a ɓoye, kuma yaron ya san lungun da ake sayarwa. Saboda haka ya goge lambar dila daga wayarsa, ya canza majalisa, a sa shi sana'a ko da faci ne, don zaman banza da kuɗi a aljihu su ne ke maida mutum ruwa.

In kuma ya zame ya sha, kar a kore shi daga gida, a maida shi wurin likita. Ku riƙe wannan da kyau: wanda ya yi wata biyu bai sha ba jikinsa ya daina jure adadin da yake sha a da, in ya koma ya zuba irin wancan numfashinsa na iya tsayawa.

Aikin gida: rubuta alamomi 3 da ake gani a makon farko, sannan ka rubuta sunan asibitin da ya fi kusa da garinku.