Oda ta isa, jini bai isa ba: kurakuran da aka fi yi wajen tura samfur tsakanin ɗakunan gwaji

Duk wanda ya yi aiki a ɗakin gwaji na ƙaramin asibiti ya san ba kowane gwaji ake yi a gida ba. Awon yawan ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki a cikin jini, gwajin jariran da iyayensu mata ke ɗauke da ita, kakin masu tari idan babu injin GeneXpert, mai gwajin tarin fuka, a kusa, duk sai an tura babban lab. A Najeriya akwai tsarin NISRN, inda masu babura ke zagaya asibitoci suna kwasar samfur suna kai wa manyan cibiyoyi. A da takarda ce ke raka kowace kwalba, sakamakon ma a takarda yake dawowa, in Allah ya sa ya dawo. Yanzu a wurare da dama manhajar asibiti tana magana kai tsaye da manhajar babban lab: ka shigar da oda, wato buƙatar gwaji, a nan, ta bayyana a can, sakamako ya biyo hanyar da odar ta bi.

Sauƙi ne babba, kuma ina cikin masu murna da shi. Sai dai ina so abokan aiki su riƙe abu ɗaya: samfur guda tafiya biyu yake yi yanzu. Bayaninsa ya bi intanet cikin ƙiftawar ido, jinin kuma ya hau babur cikin kula ya sha rana. Kusan duk kuskuren da zan ambata, a inda waɗannan biyun suka raba hanya yake aukuwa.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na suna. Sunayenmu kaɗan ne, masu su da yawa. Mutum ɗaya yau a rubuta shi Muhammad, gobe Mohammed, jibi Mamman. Mace ta ba da sunan mahaifinta a wannan zuwan, a na gaba ta ba da na maigidanta. Ranar haihuwa kuwa, wanda bai san tasa ba sai a sa masa 1 ga Janairu, har ka tarar da rabin rajista a rana ɗaya aka haife su. Ga kuma tagwaye, Hassan da Husaini: uwa ɗaya, rana ɗaya, gida ɗaya. Kwamfuta ba ta ganin fuska. Abin da ka ba ta shi za ta haɗa. Saboda haka kada suna ya zama madogara. Lambar majinyaci da lambar samfur su ne ke tafiya tare da kwalba, kuma a liƙa su tun majinyacin yana zaune a gabanka, kafin ya miƙe. Wajen tambaya ma akwai dabara. Idan ka ce wa dattijuwa "Mama, ke ce wance?", kunya ko rashin ji sosai na iya sa ta ce "e". Ka ce "Mama, yaya sunanki?", ka bar ta ta faɗa da bakinta.

Na taɓa ganin inda wannan ya kai. A wani asibiti da na yi aiki, an ɗebi jinin mata biyu a jere, aka juya shi a inji, aka zuba ruwan jinin a ƙananan kwalabe, sai daga baya aka zo liƙa lamba. Aka musanya. Sakamakon awon ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki na ɗayar ya dawo sama da 1,000, wato iyakar da ake fara zargin magani ba ya aiki ko ba a shansa yadda ya kamata. Aka kira ta ana yi mata nasiha, tana rantsuwa ba ta taɓa tsallake ko ƙwaya ɗaya ba, har ta yi hawaye. Ita kuwa mai ainihin sakamakon an ce mata komai lafiya, ta koma gida. Manhaja ba ta yi laifin komai ba, lambar da ta gani ita ta bi. Tun daga ranar ba na buɗe kwalbar da aka ɗebi jini a ciki sai ƙaramar da zan zuba ruwan jinin tana ɗauke da lambarta, kuma ɗaya bayan ɗaya nake yi, ko layi ya kai bakin ƙofa.

Ita kanta lambar nan mai zane-zane da sikana ke karantawa, a tsaye ake liƙa ta, ta bi tsawon kwalba. Idan ka naɗe ta kamar ɗamara sikana ba za ta karanta ba, sai wani ya zauna ya buga da hannu, nan kuma 1 ke zama 7, harafin O ya zama 0. Kada a liƙa a murfi, domin murfi ana cire shi. A kula da irin takardar ma: wata tana jiƙewa da zarar ƙanƙara ta narke, wata tana baƙi idan ta sha zafi.

Sai maganar danna "an tura" tun mai babur bai zo ba. Mutum yana sauri ya tashi, ya rufe jerin samfuran ranar a kwamfuta, kwalabe uku kuma suna kwance a firji ba a sa su a kula ba. Can babban lab suna ganin oda talatin, kula ta iso da ashirin da bakwai. Idan su ma suka danna "an karɓa" gaba ɗaya ba tare da sun bi ɗaya-ɗaya ba, ukun nan sun ɓace ke nan, kowane ɓangare yana tsammanin suna hannun ɗan'uwansa. Gyaran ba shi da wuya: a bi kowace kwalba da sikana lokacin sa ta a kula, a buga takardar rakiya daga abin da sikanar ta gani, mai babur ya ƙirga ya sa hannu da lokaci, masu karɓa su ma su yi haka.

Idan sabis ya ɗauke ana tsakiyar turawa, kada a yi ta dannawa. Irin waɗannan manhajoji galibi da ƙa'idar HL7 suke musayar saƙo, kuma a cikinta wanda ya karɓa yakan mayar da amsa cewa saƙo ya iso. A duba ko amsar ta zo. In an ƙirƙiri sabuwar oda alhali ta farko ta shiga, an samu oda biyu kan jini ɗaya, ɗaya za ta zauna tana jiran sakamakon da ba zai taɓa zuwa ba.

Lokaci ma ana wasa da shi. An ɗebi jini ƙarfe tara na safe, ba a shigar ba sai bayan la'asar, manhaja kuma ta cike gurbin da lokacin da aka shigar. Babban lab zai ɗauka jinin sabo ne, alhali ya yini a kan tebur. Sukari yana raguwa a jinin da ba a juya a inji an raba ruwansa ba, fotasiyam kuma yana hawa, musamman idan an sanyaya shi. A rubuta lokacin ɗiba na gaskiya. A kuma duba agogon kwamfuta bayan an ɗauke wuta, da yadda take rubuta kwanan wata, domin 03/04 a wajenmu 3 ga Afrilu ne, a tsarin Amurka kuwa 4 ga Maris.

Game da hanya, kowa ya san marufi uku: kwalba a rufe gam, jaka ko gwangwanin da ba ya yoyo da abin tsotse ruwa a ciki, sannan akwatin waje mai alamar UN3373, wadda ke nuna samfurin gwaji ne a ciki. Inda ake zamewa shi ne ɗora jinin da ba a raba ba kai tsaye a kan ƙanƙara, ya daskare, jajayen ƙwayoyi su fashe, a ƙi karɓa. A sa kwali ko soso a tsakani. Kakin da za a yi wa GeneXpert yana jure kwana uku idan zafi bai wuce 35 ba, amma wanda ya san Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ya san ana wuce 40, don haka sai da sanyi. Katin ɗigon jinin jarirai a bar shi ya bushe sarai a inuwa, aƙalla awa uku, kafin a sa shi a leda tare da abin tsotse laima. Kuma kwalba mai murfi kore, mai sinadarin hefarin, ba ta gwajin PCR ba ce, wato gwajin da ake auna ƙwayar cuta da shi; mai murfi shunayya mai sinadarin EDTA ake so.

Akwai wani kuskuren da ba a ganinsa da ido, shi ya sa yake daɗewa. Kowane lab yana da sunan da yake kiran gwaji da shi, sai an zauna an haɗa sunan nan da na can. Don haka ne cibiyar Regenstrief ta Amurka ta fito da lambobin LOINC a 1994, kowane gwaji da tasa. Idan an haɗa ba daidai ba, likita ya nemi abu kaza a yi masa wani. Ma'auni ya fi wannan haɗari. Sukari 5.5 a mmol/L daidai yake da kusan 99 a mg/dL, ninki 18 ne tsakaninsu. Kiriyatinin kuwa, na gwajin ƙoda, ninki 88.4. Lamba ta iso ba ma'auninta, ko da ma'aunin da ba nata ba, mai lafiya ya zama majinyaci. Haka sakamakon da ke ɗauke da alama, kamar "<20": idan gurbin lamba zalla yake karɓa, ko ya jefar da alamar ko ya ƙi sakamakon baki ɗaya. Duk lokacin da wani ɓangare ya sauya inji ko ya sabunta manhaja, a tura odar gwaji wadda ba ta kowa ba, a ɗora abin da ya fito a allo kusa da abin da injin ya buga, a kwatanta harafi da harafi.

Kuma don Allah, idan manhaja ta tsaya, kada a ɗauki hoton sakamakon mutum a jefa a zauren WhatsApp na ma'aikata. Sirrinsa ne, garinmu kuma ƙarami ne. Sakamakon da ke buƙatar gaggawa, a ɗaga waya a kira likitan, a rubuta wanda aka gaya wa da lokacin.

Na ƙarshe shi ne shafin samfuran da aka ƙi karɓa, wanda a wurare da yawa ba mai buɗe shi. Babban lab ya rubuta "jini ya fashe, a sake ɗiba" tun ran Litinin, saƙon yana nan zaune, majinyaciya kuma ta biya kuɗin mota daga ƙauye bayan sati huɗu a ce mata sakamako bai fito ba. A sa mutum ɗaya, da sunansa a jadawalin aiki, wanda kowace safiya kafin a fara ɗibar jini zai buɗe shafuka biyu, na waɗanda aka ƙi da na waɗanda suka wuce lokacin dawowa, ya kira babban lab a kan na biyun, ya kira majinyata a kan na farkon.