Yadda nake tayar da lambu a Legas kafin ruwan farko

Wata uku cur ban taka lambuna ba. Na tafi gida Kura tun watan Nuwamba bikin 'yar yayana, daga nan jinyar tsohuwa ta riƙe ni, sai tsakiyar Fabrairu na dawo. Filin ba wani babba ba ne, taku ashirin da biyar a tsaye, goma sha biyu a kwance, a bayan wani kango can wajen Iyana Iba, kuma aro ne. Ranar da na je na tarar tofa ta kai mini ƙugu, iska ta tara ledojin ruwa a jikin shinge, wani bawan Allah kuma ya mai da kusurwar gabas juji. Duk wanda ya bar lambu ya yi tafiya ya san wannan kallon.

Kafin ka taɓa fartanya, je ka gai da mai fili. Ba wasa nake ba. A garin nan fili yana iya kwana naka ya tashi an sauke masa bulo da yashi, gara ka ji daga bakinsa ko yana da niyyar gini bana kafin ka zuba kuɗin taki. Daga nan ka zaga maƙwabtan lambu. Su suka san abin da ya faru a bayanka, akuyar wa ke shigowa, rijiyar wa ta ƙafe.

Sai ruwa. Yawancinmu a wannan yanki rijiya muke haƙawa marar zurfi, don ƙasar rairayi ce kuma ruwa na kusa. A ƙarshen hunturu ruwan yakan ja baya, bakin rijiyar ya zube. Yashe ta, ka bar ta ta kwana, da safe ka ɗiba ka ɗanɗana a harshe. Idan ka ji gishiri-gishiri, abin da kan faru a wuraren da ke kusa da teku ko tafkin Legas idan an daɗe ba ruwan sama, kada ka zuba wa ƙaramin tsiro, zai ƙone bakin ganyen. Ruwan kwata kuwa ni ba na yarda da shi ko kusa. Salak da albasa ɗanye ake cin su, kuma 'ya'yana ma daga nan suke ci.

Sassabe ba ya buƙatar dogon bayani, adda ce da takalmin roba saboda kwalba da maciji. Abu ɗaya dai: tofa da ƙiri-ƙiri ba a saran su a bari. Saiwarsu tana tafiya ne a ƙarƙashin ƙasa, kowane guntu da ka bari sabon tsiro ne. Tona da garma, ka bi da hannu kana zaro farar saiwar nan mai kaifin baki, ka shanya ta a rana har ta bushe ƙayau. Ni ba na cinna wa fili wuta gaba ɗaya kamar yadda ake yi a gonakin gida, gidaje sun yi kusa kuma komai a bushe yake. Ƙaramin tsibi nake yi da yamma, in tsaya a kansa da bokitin ruwa, tokar in adana ta. Leda da tsohon batir da gwangwani daban nake tara su a buhu.

Yanzu ga inda mutumin Arewa ke faɗawa rami. Mu da muka tashi a noman rani irin na Kadawa, fangali muka sani, wato ka yi ɗan kwari ka kewaye shi da kunya don ya riƙe ruwa, saboda can ruwa shi ne abin tattali. Shekarata ta farko a Legas haka na tsara lambuna, reras, gwanin sha'awa, ina ta jin kaina. Wani dattijo Bazazzagi da ke lambu kusa da ni ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce, “Yaro, kifi za ka kiwata ne?”

Na ce, “Baba, ai haka muke yi a gida.”

Ya ce, “To Allah ya kai mu Yuni.”

Allah kuwa ya kai mu. Ruwan kwana biyu aka yi, alayyahuna ya kwanta a cikin tafki, saiwar ta ruɓe, ko ƙunshi ɗaya ban fitar ba. Ruwan da ake yi a Legas ya haura milimita 1,500 a shekara, kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu, kuma mafi ƙarfinsa a Yuni da Yuli yake sauka. Saboda haka a nan sama ake ɗaga fangali, ba ƙasa ba. Ina tara ƙasa ta yi tudun taƙi ɗaya zuwa ɗaya da rabi, faɗin kamar mita ɗaya, yadda hannuna zai kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da na taka ba. Tsawo kuwa yadda fili ya ba ka. Tsakanin kowane biyu ka bar hanya mai zurfi da za ta zama magudana, kuma ka dubi inda ƙasar ta karkata, ka sa bakin magudanar ya kalli can. In ba ka gane gangaren da ido ba, zuba bokiti biyu ka ga inda ruwan ya nufa. Ka kuma tabbata ba lambun maƙwabci ka tura shi ba, don na ga zumuncin shekaru ya ɓaci a kan wannan.

Matsalar ita ce a Fabrairu da Maris har yanzu rani ne, tudun rairayi kuma ba ya riƙe laima. Dabarar da Baban nan ya koya mini daga baya ita ce a yi wa saman tudun ɗan leɓe a kewaye, bai fi yatsa biyu ba, yadda ruwan da ka zuba zai tsaya ya nutse maimakon ya gangare. Idan damina ta zauna sai ka bi da fartanya ka fasa leɓen. Busasshiyar ciyawa da ba ta da 'ya'ya ka shimfiɗa a kai, tana rage zafin rana.

Taki kuma kashin kaji ne ya fi samuwa, buhu-buhu daga gidajen kaji, yawanci gauraye da garin katako. Kada ka zuba shi ɗanye. Zafinsa yana ƙone iri tun bai fito ba. Tara shi wuri ɗaya, ka yayyafa ruwa, ka rufe da tsohon buhu, kana juyawa duk bayan kwana huɗu ko biyar. Bayan sati biyu zuwa uku cusa hannu a tsakiya. In ka ji ɗumi ko warin nan mai hawa kai, da saura. In ya yi sanyi ya yi baƙi yana warwarewa a hannu, ya nuna. Shi ya sa ranar da na fara sassabe, ranar nake sayen taki, kafin in gama tudu shi ma ya kusa. Takin zamani, NPK 15-15-15 ko yuriya, kaɗan nake sawa bayan tsiro ya kama, a gefe, ba a kan ganye ba.

Irin da ka bari tun bara kada ka amince masa haka kawai, laimar Legas tana kashe iri a cikin leda. Ƙirga ƙwaya goma ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka duba bayan kwana huɗu ko biyar. In bakwai sun tsaga, shuka. In uku ne, sayi sabo.

Alayyahu nake fara shukawa, shi ne mai saurin mai da kuɗi, sati huɗu zuwa biyar ka fara cira. Ƙwayarsa ƙanana ce ƙwarai, sai ka gauraya da busasshen yashi kafin ka yafa, in ba haka ba zai fito cunkus wuri ɗaya. Lalo, wanda Yarabawa ke kira ewedu, a nan ba ya kwantai. Sai dai irinsa yana da taurin kai. Ƙulle shi a tsumma, ka tsoma a ruwan da ya tafasa aka sauke, ka ƙirga goma ka cire, ka shanya a inuwa ya sha iska, sannan ka shuka. Ugu kuma, wani ganyen miya na mutanen Kudu, irinsa ba ya son bushewa, daga cikin ƙwaryarsa zuwa ƙasa ya fi, kuma ka kafa masa sanduna tun da wuri don mai hawa ne. Salak lokacinsa ya kusa wucewa, zafin Maris yana sa shi ya yi tsawo ya yi ɗaci. Tumatir kuwa na haƙura da shi tuntuni. Laima da cuta ba sa barin sa, kuma ba banza ba manyan motoci ke sauke na Arewa a kasuwar Mile 12. Kada ka shuke fili duka rana ɗaya. Fangali biyu wannan sati, biyu sati mai zuwa, don kada komai ya nuna lokaci guda ka rasa mai saye.

Ruwan farko mayaudari ne. A Maris hadari zai haɗu, a sheƙa ruwa da iska, kowa ya ce damina ta faɗi, sai kuma a ɗauke kwana goma ko fiye rana na dukan ƙasa. Ci gaba da ban ruwa safe da yamma har sai ka ga ƙasa ta daina bushewa tsakanin ruwa da ruwa. Ni da an sallame sallar asuba nake kama hanya, in yi ban ruwa in wuce shago a Alaba Rago kafin cunkoso ya tsananta, na yamma kuma babban ɗana ke yi in ya taso makaranta, ko da yake sai na duba ƙasar da yatsa, don yaro yakan jiƙa sama ne kawai ya gudu ƙwallo. Da laima ta fara, dodon koɗi da tsutsa za su fito. Tokar nan da ka adana ka barbaɗa a kewayen tudu, ganyen darbejiya kuma ka daka ka jiƙa ya kwana, ka tace ka fesa da yamma. In har sai ka sa maganin kanti, karanta kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba da za a jira kafin cira, ka cika su.

Jiya ina tsugune ina zaro tofa sai ga Iya mai sayen lalona ta leƙo ta kan shinge da kwandonta a ka. Ta ce, “Malam, ka dawo? Yaushe zan samu lalo?” Na ce mata ta ba ni sati biyar. Ta ce huɗu, ta ajiye mini kuɗin fangali ɗaya a kan bulo ta wuce. Takin kuwa har yanzu da ɗuminsa, sai jibi zan sake juya shi.