Bayan An Watse Daga Taron Masoya: Kurakuran Da 'Yan Sa-kai Suka Fi Yi

Taron masoya ya samu gindin zama a Katsina, ko na masu bibiyar taurarin Kannywood, ko na magoya bayan ƙungiyoyin ƙwallo, ko na makaranta littattafan Hausa da suka san juna a WhatsApp. Bai kai girman Comic-Con (babban taron masoya littattafan zane da finafinai) na San Diego a Amurka ba, wanda aka fara a 1970, ko na Legas da ya soma a 2012, amma 'yan sa-kai ne ke ɗaukar wahalar a ko'ina: masu jera kujeru, masu tsaron ƙofa, masu rabon abinci, masu tarbar baƙi a tasha. Kowa yana shirin ranar taro, ba mai shirin makon da zai biyo baya.

Kuskuren da ya fi raba zumunci shi ne jinkirta lissafi. An damƙa maka kuɗin man janareta, ko an tura maka na ruwan leda ta asusunka, ka kashe cikin gaggawa ba rasit, sai ka ce bari a huta tukuna. Kwana uku kawai, ka manta nawa ka ba mai Keke Napep, nawa ya rage. Daga nan ƙananan maganganu ke tashi, kuma a garin da kowa ya san gidan kowa, zargi ba ya tsayawa a cikin waya. Ka zauna a daren ko washegari ka rubuta komai, har naira ɗari biyu, ka haɗa da hoton shaidar tura kuɗi, ka miƙa wa ma'aji a gaban mutum na uku. Idan kai ka kashe daga aljihunka, ka faɗa a lokacin. Kunyar da ke hana ka magana yau, ita za ta zama ƙorafi nan da wata guda. Haka kayan haya: rumfa, kujeru, lasifika. Masu haya da kwana suke lissafi, kuma duk kujerar da ta ɓata, wanda ya sa hannu za a nema.

Sai jiki. Wanda ya kwana biyu yana barcin awa uku ba ya da dalilin hawa babur da asuba ya nufi Daura, tafiyar kusan kilomita 80. Babba yana buƙatar barcin awa bakwai zuwa tara, kuma bashin barci ba ya biyuwa a dare ɗaya. Cunkoso da gaisawa da ɗaruruwan mutane kan bar mura da tari da dishewar murya, balle in taron ya faɗo cikin hunturu. Abin da aka saba shi ne a ruga kemis a ce a haɗa magani. Maganin kashe ƙwayoyin bakteriya ba ya taɓa mura, don ƙwayar bairos ce ke kawo ta. Ruwa mai yawa da hutu da rage magana sun fi amfani. In zazzaɓi ya shigo, a yi gwajin maleriya kafin a sha komai.

A gida da wurin aiki kuma akwai haƙƙin da aka danne. Maigidanka a kasuwa ya ba ka izinin kwana biyu, wani ya tsare maka shago, ƙanwarki ta yi girkin da yake naki. Kada ka dawo da labarin wanda ya dafa maka kafaɗa. Fara da “Alhaji, na gode da haƙurin da aka yi”, ka tambayi abin da ya wuce ka, ka rama wa wanda ya tsaya maka. Labarin taro sau ɗaya yake da daɗi. A karo na huɗu Hajiya kawaici kawai take yi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kewa. Jiya kana sanye da rigar kwamiti ana kiran sunanka ta ko'ina, yau wayar shiru. Wasu sai su tare a zauren WhatsApp har ƙarfe biyu na dare, wasu su yi fushi don tauraron bai amsa saƙonsu ba. Shi kuwa ya gaisa da jama'a da yawa a ranar, ba wulaƙanci ba ne. Wannan rashin sukuni yakan wuce cikin 'yan kwanaki idan ka koma majalisarka, makarantar dare ko filin ƙwallo. In ya zarce mako biyu yana hana ka barci da cin abinci, ka ga likita. Kuma kada ka ɗauki alkawarin taro na gaba a wannan makon, daɗi ne ke magana ba kai ba.

Hotuna ma a yi hattara. Kafin ka ɗora hoton da 'yar mutane ko matar wani ta fito a Facebook ko TikTok, ka nemi izininta. In ta ce a cire, a cire ba gardama.