Darasi na 7: Taimaka wa mai ciwon ƙwaƙwalwa ya riƙe maganinsa

Akwai ciwon da likitoci ke kira sikizofireniya. Mai shi zai riƙa jin muryoyi alhali ba kowa a wajen, ko ya ce maƙwabta na shirya masa sharri, ko ya kulle kansa a ɗaki ya daina wanka. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 300 na da shi. Ciwo ne da ake lallaɓawa kamar yadda ake yi wa hawan jini, in ana shan magani sai a zauna lafiya, a je kasuwa, a yi sana'a.

Matsalar tana zuwa ne bayan an samu sauƙi. Mutum ya dawo hayyacinsa, yana barci, yana gaisawa da jama'a, sai ya ce ai na warke, 'yan gida ma su ce Alhamdulillahi a huta da kashe kuɗi, to bayan 'yan watanni sai ciwon ya dawo, wani lokaci ma ya fi na farko tsanani. Likita ne kaɗai zai rage magani ko ya tsayar.

Kuma gaskiya wasu ba taurin kai ke sa su bari ba. Magungunan ciwon irin su haloperidol da chlorpromazine kan sa jiki ya sandare, hannu ya riƙa rawa, yawu na zuba, ga barci mai nauyi. Olanzapine kuma kan sa ƙiba, har suga ya hau. Wa zai so a gan shi haka a majalisa? Don haka kar a yi masa tsawa, a tambaye shi: "Yaya, me maganin nan ke maka a jiki?" Abin da ya faɗa a kai wa likita, a sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo ko duk inda aka buɗe masa kati, za a iya canza magani ko a ƙara wanda ke sakin jiki. In kuma zazzaɓi mai zafi ya haɗu da sandarewa da ruɗewa, a tafi asibiti nan take, ba sai ranar da aka rubuta ba.

A haɗa shan magani da abin da ba a mantawa, misali bayan sallar isha'i, mutum ɗaya a gida ya ɗauki nauyin tunatarwa. Mai yawan mantuwa akwai allura da ake yi duk sati 2 zuwa 4, a nemi bayaninta. Zuba magani a abinci a ɓoye kuwa, ranar da ya gane shi kenan, ko ruwa ba zai karɓa daga hannunku ba.

Addu'a da ruƙiyya a ci gaba da yi, amma ba a ajiye ƙwaya saboda su. Wiwi da tramol suna tayar da ciwon. Kafin azumi a tambayi likita yadda za a gyara lokacin sha.

Aikin gida: ɗauko katin asibiti, ka rubuta sunan maganin, lokacin shansa da ranar komawa a takarda, ka manna a bango.