Kurakuran da makaɗa ke yi idan gyara bai yi kyau ba

Duk mai cin abinci da kalangu ko goge a Katsina ya san zafin wannan abu: ka kai gyara, ka biya, ka karɓo, sai a tsakiyar biki ka ji murya ta toshe. Yawancin rigimar da ke biyo baya kuwa tun ranar da aka kai kayan aka shuka ta.

Mutum ya miƙa gogensa ya ce "a gyara mini", ya juya. Me za a gyara? Fatar da ke kan ƙoƙon ce, ko izgar dokin, ko jaki, wato ɗan itacen da tsarkiya ke hawa? Fatar guza ake sa wa goge, amma tana wuyar samu, don haka idan ba ka faɗa ba, kada ka yi mamaki in ka tarar da ta akuya. Ka zauna ku lissafa abin da za a canja ɗaya bayan ɗaya, a gaban mutum na uku, kuma ka ce a ajiye maka abin da aka cire. Masu fiyano da sifika ma wannan ya shafe su: in an ce an sa sabon abu, a nuna maka tsohon. Kuɗi kuma kada ka biya duka, ka ba da na sayen fata, sauran sai aiki ya fito.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne aiken yaro ya karɓo. Yaro zai ga sabuwar fata tana sheƙi ya ce aiki ya yi. Kai ne ka san muryar kayanka, kai za ka je. Ka rataya kalangun nan a gaban mai gyara, ka matse tsarkiya a hammata ka ji ko murya tana hawa har inda ka saba, ka saki ka ji ko tana sauka ta zauna. Ka juya ɗaya fuskar ka sake kaɗawa. Ka bi tsarkiyoyin da yatsa, domin in wasu sun yi tauri wasu sun saki, kalangu ba zai faɗi magana daidai ba, kuma fatar za ta yage ta gefe guda. Mai goge ya shafa ƙaro ya ja da ƙarfi, ya duba ko jaki yana zamewa.

Sai dai a yi adalci, ba kowane sauyin murya ne laifin mai gyara ba. Danshin watan Agusta yana sassauta fata, hunturu kuma yana ɗaure ta har ta tsage, sabuwar fata ma sai ta yi kwanaki kafin ta zauna. Wanda ya kai gyara saura kwana biyu hawan Sallah, ko ana jajibirin Gani a Daura, shi ya tilasta a shanya fata a rana ko a kara ta da wuta.

In ka tabbata aikin ne bai yi ba, kada ka taɓa shi. Wasu sai su tsiyaya gam a tsagar ƙoƙo, ko su kai wa wani ya kwance, sa'an nan su koma wurin na farko da faɗa. Zai ce ba haka ya ba ka ba, kuma ba ka da ta cewa. Ka mayar cikin kwana biyu ko uku yadda ka karɓa, ka same shi shi kaɗai, ka ce: "Baba, don Allah saurara ka ji abin da nake ji." Ka kaɗa masa. Mai sana'ar da ya san kunya ba ya musu da kunnensa.

Makaɗi yana da baki, shi ya sa wasu ke huce haushi da habaici a taron biki. Wannan ɓarna ce, masu ɗaura fata da kyau ba su da yawa, gobe ma wurinsa za ka koma. In ya ƙi sauraro, ka kai maganar gaban Sarkin Makaɗa ko wani dattijo na sana'ar, tare da shaidarka da tsohuwar fatar. Ka je da buƙata bayyananniya: ko ya sake aikin ba tare da ƙarin ladan hannu ba, ko ya mayar maka da ladan ka kai wani wuri.